Cikakken Watan Hashimu

Duk wanda ya shiga tashar motar Gaya 'yan shekarun baya ya san Hashimu, in bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Ɗan kamasho ne, aikinsa kiran fasinja da zuba ƙarya. Kwatano sau ɗaya ya taɓa zuwa, bisa buhunan albasa a bayan kamiyo, babbar motar kaya, amma in ya fara ba da labarinta sai ka rantse shi ya haƙa tekun. Da aka rufe gadar kan iyaka motoci suka tsaya, bakin Hashimu ya rasa kasuwa, sai ya naɗe tabarmarsa ya koma ƙauyensu, Tungar Kuka, can ƙasar Tanda. Wai ya zo ne ya gyara wa mutane noma. Mutumin da rabonsa da fartanya tun kafin ya yi gemu!

Matarsa Yalwa ce ke riƙe da gidan duk shekarun da yake can yana ihu a tasha, kuma ita ta san yadda damina ta koma. Ruwa ya zo a makare, ya yi ɗan guda ɗaya ya ruɗi mutane su yi shuka, ya ɗauke kwana ashirin, sa'an nan ya dawo ya zubar da na wata guda cikin yini ɗaya, ya kwashe ƙasar gona ya kai kogi. Kafin gero ya cika ƙwaya kuma ya ɗauke ƙafa, sai baɗi. Gonar gadon Hashimu da ke gangaren tudu ta zama fako, ƙasa tsirara mai tauri, ko ciyawa ba ta yarda ta fito a kanta.

Abu ɗaya Yalwa ke taƙama da shi a duniya, shi ne irinta. Shekara uku ke nan kawunta na Junju ya zuba mata gero cikin tafin hannu, mai saurin nan da ke nuna cikin kwana saba'in. Ta shuka shi a gamanarta, ɗan yankin gonar da miji ke yanka wa matarsa, wanda duk abin da ya fito cikinsa nata ne ita kaɗai. Kowace kaka sai ta zaɓi zangarniya mafi cika ta ɓoye. An yi shekarar da gidan ya koma cin tafasa, amma ba ta taɓa shi ba. Bana ya kai tiya huɗu, yana cikin tulu, an gauraya da toka an liƙe bakin da laka, can ƙarƙashin gadonta.

Gamanar tata tana ƙasan gonar gadon ne, ita ma fako ya fara cinta. Shi ya sa da Madam Nuriya, malamar gona, ta zo koya wa mata haƙa rabin wata, Yalwa ce a gaba. Rabin wata ba wani abin duhu ba ne: rami ne mai faɗi marar zurfi, ana tara ƙasarsa a baya ta wajen gangare, a bar bakinsa buɗe yana kallon tudu, ruwan da ke gudu bisa fako ya shigo ya zauna ya nutse. Cikin zafin rani Yalwa ta haƙa arba'in da hannunta.

Ana nan masu foroje, wato shirin tallafa wa manoman da ya turo Madam, suka aiko a ba su namiji ɗaya ya je Doso horo na kwana uku. Mai gari ya so ya tura Sa'idu, taubashin Hashimu, manomi na gaske, sai Sa'idu ya ce ba zai bar lambunsa kwana uku babu ban ruwa ba. Hashimu ya ji an ce akwai shinkafa da nama, kafin a rufe baki ya miƙe. A can Doso da safe a nuna yadda ake haƙa, bayan cin abinci a yi bayanin dalili. Hashimu ya ga na safe sarai. Na bayan cin abinci kuwa, mutumin da ya share faranti uku, sai dai ya gan shi a mafarki.

Ya dawo da koriyar hula mai baki da takardar shaida cikin leda. Ko gida bai shiga ba ya zarce gindin kuka inda maza ke zama.

"Rabin wata!" ya ce, ya yi tsaki. "Abin da aka tara mu kwana uku a kai ke nan. Rabi! Na ce da su rowarku ta yi yawa. Allah ya yi wata cikakke, ku ku zo ku ba talaka rabi?"

"Ka faɗa musu haka?" in ji Sa'idu.

"A gaban babbansu. Sai da ya cire gilashi ya goge."

"Yawunka ne ya fantsama masa."

Hashimu bai kula ba. Ya karɓi sandar wani tsoho ya zana ƙaton da'ira a ƙasa. Shi ba zai ɓata lokaci da ƙananan ramuka irin na mata ba. Bango guda zai yi, ya zagaye tsakiyar fakon ruf, taku sittin daga wannan baki zuwa wancan. Cikakken wata. Ɗigon ruwa ɗaya ba zai tsere masa ba.

"To taubashi," in ji Sa'idu, "in ka rufe shi ruf, ruwan ta ina zai shiga?"

"Daga ina ruwa ke zuwa?"

"Daga sama."

"To ce maka na yi jinka zan yi masa?"

Aka kwashe da dariya, har wasu suka ce kai, maganar mai hular nan da ƙamshin gaskiya. Abin da ba su tuna ba, fako ba da ruwan da ya sauka a kansa yake rayuwa ba, sai da wanda ya gangaro masa daga tudu. Sa'idu ya sani, amma ya ga kallo na tafe kyauta, sai ya ja bakinsa.

Hashimu ya kira gayya, ya ce duk wanda ya zo za a nuna shi a talabijin. Samari suka yi kwana huɗu suna jidar dutse da ƙasa, shi yana bisa suri yana nuni da takardarsa. Bango ya tashi har ƙugun mutum. Ranar da za a rufe ne Yalwa ta kawo hura, ta matso kusa da shi ta yi ƙasa da murya.

"Maigida, da ka bar masa baki ta wajen tudu. Haka Madam ta ce."

Da ya bar ta a nan da an wuce wurin. Ina! Sai ya ɗaga murya don mai gari ya ji.

"Jama'a ku saurara, mai tukunya za ta koya wa mai takarda! To ku zama shaida." Ya ɗauko ƙaton dutse ya dasa a ƙasan bangon. "Ga iyaka. Abin da ya tsiro daga dutsen nan zuwa sama nawa ne, abin da ya tsiro ƙasa nata ne, ko wa ya shuka shi, ko aljani ne. Kada kaka ta yi in ga an zo bakin rumbuna da ƙwarya ana maigida a taimaka."

"Ka ce ko wa ya shuka?" in ji mai gari.

"Ko wa ya shuka, ranka ya daɗe."

"Mun ji," in ji Sa'idu. "Ni kunnena ba ya ɓatar da ajiya."

Yalwa ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi.

Saura ɗan gurbin da amalanke ke shiga. Hashimu ya ari amalanken jakin Sa'idu ya shigar da taki, duk takin da ya tara daga turken gidansu da na maƙwabta. Ya sauke, ya ce wannan gurbin da hannunsa zai rufe shi, tarihi ne. Ya tuɓe riga, ya jera duwatsu, ya cusa ƙasa, ya daddaɓe, ya miƙe ya ɗaga hannu a yi masa tafi. Sai jaki ya yi kuka a bayansa.

"Taubashi," in ji Sa'idu daga waje, "jakin ma ta sama zai fita?"

Aka ce a fasa bango. Hashimu ya rantse sai dai a fasa kansa. Sai da aka kwance ƙafafun amalanke aka miƙo su ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ƙarti takwas suka ciccibi jaki. Jakin nan bai shuri kowa ba cikin takwas ɗin, sai da ya laluba ya sami mai hula, ya zuba masa ɗaya a cinya. Mako guda Hashimu na ɗingishi, yana cewa ciwon sanyi ne tun na Kwatano.

Ruwan farko ya zo ɗan kaɗan. Na tudu ya gangaro, ya iske bango, ya rabu biyu ya bi dama da hagu ya wuce abinsa zuwa ramukan Yalwa. Cikin cikakken wata kuwa fatar ƙasa kawai ta jiƙe. Yalwa ta je gamana ta tona da hannu, ta ga laimar ba ta kai zurfin da za a amince mata ba. Rediyon Gaya ma ya ce kada a yi gaggawa, akwai tsayawar ruwa a gaba. Ta dawo gida, ta tarar da mijinta tsaye bakin ɗakinta.

"Kawo irin nan."

"Wane iri?"

"Na ƙarƙashin gado. Kin zaci ban sani ba?"

"Maigida, wannan ruwan maƙaryaci ne. Sa'idu ma bai yi shuka ba."

"Sa'idu ya je Doso?"

"Rediyo ya ce..."

"Rediyo yana da gona?"

Ta ce a'a, ya ce sai ta bayar. Ya ce zai fita ƙofar gida ya shelanta cewa matarsa ta hana shi iri. Don a zauna lafiya ta fasa bakin tulu ta auna masa tiya biyu. Ta sake liƙe sauran.

Ya shuka, ya ɗan tsiro jefi-jefi. Sai sama ta yi shiru kwana goma sha tara. Hashimu ya ce zai yi ban ruwa da tano, wato durom, a amalanke, ya tuna ba ƙofa. Ya koma ɗaukar bido, jarkar ruwa, a ka yana haura bango, bido na uku ya zame ya yi masa wanka. Abin da rana ta rage awaki suka shigo masa. Su sun iya tsalle sun shiga, shi kuwa bai da ƙofar da zai kore su ta nan. Ya bi su da sanda, su zagaya, ya zagaya, su zagaya. Mutane suka bar ayyukansu suka zo suka jeru bisa bango, har mai ƙosai ta kawo tirenta.

"Saura zagaye biyu ka cika bakwai!" in ji Sa'idu.

Da awaki suka ƙoshi suka tsallake da kansu. Tiya biyu ta tafi, ko ganye ɗaya bai rage ba.

Kashegari Madam Nuriya ta zo a babur ɗinta. Ta zagaya bangon sau ɗaya, ta cire gilashin rana ta ƙara dubawa.

"Malam Hashimu, wa ya koya maka wannan?"

"Doso."

"Ni ma ina Doso ranar. Ina bakinsa? Ruwan tudu ta ina zai shiga?"

Wani da sai ya sunkuyar da kai. Hashimu sai ya yi murmushi irin na wanda ake tambaya abin da ya daɗe da sani.

"Madam, kin riga ni ne. Wannan mataki na farko ne. Buɗe baki shi ne na biyu."

"To in ka buɗe, ka yi masa mafita ta ƙasa, ka jera mata dutse. Abu mai girma haka in ya cika ba inda zai rage, fashewa zai yi."

"Ruwan da na sha wuya na kamo, in yi masa ƙofar gudu? Ke kin taɓa ganin an kama ɓarawo an bar masa taga?"

Ta ce ita dai ta faɗa. Ta kuma shaida wa mai gari cewa ranar Laraba manyan foroje za su zo da ɗan jarida su ga ramukan mata. Hashimu ya ji kalmar ɗan jarida, sauran maganar duk ta bi iska.

Ya fasa bango ta wajen tudu. Bai tsaya nan ba. Akwai wata ƙorama da ke kwashe ruwan tudun gaba ɗaya ta kai kwari. Ya yi kwana biyar da diga, karo na farko da aka ga gumin gaske a jikinsa, ya haƙa lambatu daga ƙoramar har bakin watansa, ya toshe tsohuwar hanyar da duwatsu. Saura iri. Ranar da Yalwa ta tafi kasuwar Tanda ya shiga ɗakinta, ya juye tiya biyun da suka rage cikin buhu, ya cika tulun da yashi, ya liƙe bakin da laka sumul. Ran Talata da la'asar ya gauraya geron da taki ya watsa bisa ƙasa. Ba sungumi, ba binnewa. Wai tona rami aikin mutanen da ne.

Laraba da safe rediyo ya ce yau akwai babban ruwa a ƙasar Gaya, manoma su shirya. Yalwa ta ce alhamdu lillahi, ranar da take jira ke nan. Ta jawo tulu, ta fasa laka, ta tura hannu. Yashi. Ta tura har gwiwar hannu, yashi ne har gindi. Ta zauna daɓas a ƙasa. Ramuka arba'in na can buɗe suna jira, ga ruwa tafe, ita kuwa ko ƙwaya ɗaya ba ta da ita. Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. Haka ta fito ta iske shi tsakar gida yana goge hularsa da tsumma.

"Maigida, ina irina?"

"Yana inda ilimi yake."

"Shekara uku nake tara shi. Da yunwa na tara shi."

"Kwana ukuna na Doso sun fi shekara ukunki. Ki jira kaka ki ga ikon Allah."

Ba ta ce masa Allah ya isa ba, don an yi mata tarbiyya. Sama kawai ta kalla, ta daɗe tana kallo.

Da hantsi farar mota ta iso. Babban foroje ya fito, wani mai tumbi da gilashi, ga ɗan jarida da na'urar ɗaukar magana, ga Madam Nuriya. Gari duk ya fito. Aka nufi gamanar mata, sai Hashimu ya sha gabansu cikin babbar rigar sallarsa, hula a ka, takarda a hannu.

Sa'idu ya matso ya gai da baƙon. "Ranka ya daɗe, kai ne taubashina ya ƙure a Doso har ka cire gilashi?"

Mutumin ya ƙura wa Hashimu ido, sai ya yi dariya. "A'a, na gane shi! Ai shi ne wanda munsharinsa ya sa muka ƙara wa lasifika murya."

Kafin dariya ta lafa hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin. Aka watse, wasu cikin mota, wasu gindin tsamiya. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, awa guda cur. Da ya tsagaita aka fito, sai aka ji ƙugi daga tudu. Ƙorama ce tafe, ta bi lambatun Hashimu tiryan-tiryan ta afka cikin watansa. Kafin a ce kwabo wuri ya cika fal, jan ruwa na juyawa da taki da kumfa. Gaskiya abin ya ba da sha'awa, har ɗan jarida ya ce kai!

Shi ke nan, kan Hashimu ya fashe. Ya tattare riga ya haye bisa bango ta wajen gangare, daidai inda nauyin ruwan yake duka.

"Ina masu rabi? Ku zo ku ga cikakke! Kai ɗan jarida, matso da abin nan. Sunana Hashimu, a rubuta da kyau. Daga yau babu sauran fari a ƙasar Gaya. Daga nan sai Tunuga, daga Tunuga sai Junju, in na gama da Nijar in haye Binin..."

"Malam Hashimu, sauko!" in ji Madam Nuriya. "Ruwan bai daina shiga ba!"

"Ya shigo, gidansu ne!"

"Taubashi," in ji Sa'idu, "watanka na fitsari ta ƙasa."

"Hassada ce ke fitsari a bakinka."

"To ɗan duba tsakanin ƙafafunka."

Ya duba. Wani ɗan zaren ruwa na tsartuwa daga bangon. Ya take wurin da ƙafa, ya ɓullo ta gefe. Ya ɗora ɗaya ƙafar, ya ɓullo ta tsakiya. Ya cire hular Doso ya cusa cikin ramin, ramin ya haɗiye ta. Ya juyo zai ce wa ɗan jarida wannan mataki na uku ne, sai bango ya ce burum!

Wallahi ba a taɓa ganin tafiya irin ta ranar ba. Ruwa ya ɗauki Hashimu a zaune, babbar riga ta buɗe, yana riƙe da takardarsa sama, yana salati yana kiran sunan mahaifiyarsa. Taki na gabansa, duwatsu na bayansa. Ya wuce dutsen iyaka ba sallama. Ruwan ya rushe ramukan Yalwa bakwai na farko, sa'an nan ƙarfinsa ya karye, ya bazu, kowane rabin wata ya tare rabonsa na ruwa da laka da taki. Na jeri na huɗu shi ya tare Hashimu. Can ya tsaya, zaune cikin caɓi har wuya, kashin jaki a kan gira.

Madam Nuriya ta gyara murya ta juya wajen baƙi.

"Kamar yadda kuke gani, amfanin rabin wata ke nan. Duk tarkacen da ruwa ya kwaso, yana tare shi."

Mai gari da girmansa sai da ya dafa mota don dariya. Yalwa kaɗai ba ta yi ba. Tana tsaye gefe, tana kallon shekara ukunta cikin laka. Ɗan jarida kuwa bai kashe na'urarsa ba tun daga "sunana Hashimu" har zuwa salatin, kuma haka aka sa shi a rediyo, har 'yan tashar Gaya suka ji.

Kwana huɗu bayan haka Yalwa ta je gyaran ramukan da suka rushe. Ta tsaya cak. Cikin lallausar lakar da ta kwanta a ramukan, wasu 'yan korayen allurai sun huda ƙasa, cunkus. Ta durƙusa ta tono ɗaya ta duba gindinsa. Gero ne, nata. Da yake bisa ƙasa aka watsa shi, ruwa ya kwaso shi tare da takin ya kawo mata har gida. Ta yi kuka, ta yi dariya, ta yi godiya ga Allah. Daga nan ta ɗaure zani ta kama aiki: ta cire inda ya yi yawa, ta dasa inda babu, ta gyara bakwai ɗin nan ta dasa su su ma.

Damina ta yi halinta, ta ɗauke da wuri. Masu geron da ke jan lokaci da yawa suka tashi da kara. Na Yalwa ya riga ya nuna, ƙasan ramukan na riƙe da laima. Dami ashirin da uku ta ɗaure. Cikakken wata kuwa ruwa ya kankare shi har dutse, abin da ya tsiro ciki tumfafiya ce guda ɗaya.

Kai ka ce kunya za ta rufe bakin Hashimu? Ran da ake jidar dami ya bayyana gaban mai gari, ba hula, amma takarda na nan, ta kumbura ta yi taswira.

"Ranka ya daɗe, a duba min. Ni na watsa geron nan. Takina ne. Ruwana ne, ni na kamo shi daga tudu. Wannan dabara ce ta shuka da ruwa, ba a kai ga koyar da ita ba ma a Doso."

"Ina geron ya tsiro?" in ji mai gari.

"A... ƙasa kaɗan."

"Ƙasan me?"

"Ƙasan dutse."

"Sa'idu, me mutumin nan ya ce ranar gayya?"

"Ya ce ko wa ya shuka, ko aljani ne," in ji Sa'idu. "Ya kuma ce kada a zo bakin rumbu da ƙwarya. Amma a yi masa adalci, ranka ya daɗe, tumfafiyar tasa ce. Kada kowa ya taɓa masa."

Aka zuba dami a rumbun Yalwa. Kafin a zuba ta zaɓe zangarniya mafi cika, dami biyu, ta sa aka kai Junju wajen kawunta ajiya, inda babu mai takarda.

Da azahar ta yi tuwon sabon gero, miyar kuka na ƙamshin daddawa. Hashimu ya wanke hannu tun kafin a kira shi, ya zauna bisa tabarma yana gyaran murya. Ta kawo akushi ta ajiye, ta durƙusa kamar yadda ta saba. Ya buɗe. Malmala ce aka yanka biyu daidai, rabi ɗaya zaune cikin miya.

"Yalwa, mene ne wannan? Ina sauran?"

"Rabi ne, maigida. Mu nan ƙasan dutse shi muka iya."

"Ni cikakkiya nake ci!"

Ta miƙe ta kaɗe zaninta.

"Cikakken yana gonarka," ta ce. "Ka je ka ɗebo."

Ya dubi ƙofa, ya dubi akushi. Ya jawo shi gabansa, ya ci, ya suɗe hannu.